Wace burauza ce ta fi iya tsara shafuka? Fashin baƙi ga masu aiki da kwamfuta a Kano

Duk mai wuni a gaban kwamfuta, ko ɗalibin digiri na biyu ne a BUK, ko mai shagon cike fom a Kabuga, ko akawun wani dila a Kantin Kwari, ya san yadda saman burauza ke cika. Da hantsi shafuka biyar ne a jere, kafin azahar sun haura talatin, kowanne ya tsuke har sunansa ya ɓace, sai 'yar alama kawai ake gani. Daga nan kwamfuta ta fara nishi, fanka ta tashi, a danna abu a zauna jira. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a canza burauza. Ba laifi, amma shawarar ba ta cika ba, domin cunkoson shafuka matsaloli uku ne da suka haɗu wuri guda: gano inda shafin da kake nema yake, RAM ɗin da shafukan ke cinyewa (wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin), da cakuɗuwar asusun mutane ko ayyuka daban-daban. Kowacce da maganinta, kuma maganin ɗaya ba ya taɓa sauran biyun. Yawancin waɗanda suka canza burauza suka dawo suna ƙorafi, sun sha maganin ciwon da ba shi ke damun su ba.

Kafin a shiga zaɓe, akwai abin da ya kamata a sani game da injin da ke ƙasa. Chrome, Edge, Brave, Vivaldi da Opera duk a kan tushe ɗaya aka gina su, wato Chromium. Firefox ce ke da nata injin mai suna Gecko, Safari ta Apple kuma tana kan WebKit. Abin da wannan ke nufi shi ne, shafin Facebook guda ɗaya a Chrome da a Edge kusan nauyi ɗaya yake da shi. Duk mai ce maka wata burauzar Chromium ta ninka wata sauƙi, ka tambaye shi shafuka nawa ya buɗe kuma da wane saiti. Bambancin gaskiya yana wajen yadda kowacce ke mu'amala da shafukan da ka bari a baya, da yawan tallan da take bari ya shigo.

Gano shafi

Wannan ce matsala mafi sauƙi, kuma sau da yawa ba ta buƙatar sabuwar manhaja. A Chrome da Edge, danna Ctrl da Shift da A tare, akwatin bincike zai fito, ka rubuta kalma ɗaya daga sunan shafin, ya kai ka kansa ko da yana wata taga. A Firefox, rubuta alamar % a wurin adireshi, ka bar tazara, sannan kalmar. A Vivaldi maɓallin F2 ne. Ctrl da lamba 1 zuwa 8 na kai ka shafi na ɗaya zuwa na takwas, Ctrl da 9 na ƙarshe. Shafin da ka rufe bisa kuskure, Ctrl da Shift da T ke dawo da shi.

Sai haɗa shafuka rukuni-rukuni, wanda Chrome ta kawo a 2020. Riƙe Ctrl ka zaɓi shafukan da suka shafi aiki ɗaya, danna ɓangaren dama na linzami, zaɓi sabon rukuni, ba shi suna da launi. In ka danna sunan, rukunin ya naɗe gaba ɗaya ya bar fili. Edge da Brave suna da irinsa, Opera ta kira nata Tab Islands a 2023, Firefox ba ta samu ba sai a 2025. Inda mutane ke kuskure shi ne sanya wa rukuni suna mai faɗi irin "Karatu" ko "Aiki". Rukuni irin wannan ba ya taɓa rufuwa, kullum ƙaruwa yake. A sanya sunan abin da ke da ranar ƙarewa: "Babi na biyu", "Rajistar CAC", "Odar Legas". Ranar da aikin ya kammala, a rufe shi duka.

Abin da ya fi rukuni amfani a ganina shi ne jera shafuka a tsaye a gefen hagu. Lissafin a bayyane yake. Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka na hannu da ake sayarwa a Beirut Road, musamman tsofaffin HP EliteBook da Dell Latitude masu inci 14, faɗin fuskarsu ɗigo 1366 ne, tsayi 768. Raba 1366 gida talatin, kowane shafi ɗigo 45 zai samu, ko kalma ɗaya ba za ta shiga ba. In an jera su a tsaye, kowanne yana da layinsa da cikakken suna, in sun yi yawa a gangara ƙasa. Edge ta kawo wannan a 2021, Brave a 2023, Firefox a 2025, Vivaldi kuwa tun fitowarta a 2016 tana barin mutum ya ajiye jerin a kowane gefe ya ga dama. Chrome ta yi shekaru ba ta da shi. A Edge ana iya tsuke jerin ya koma alamomi kawai, ya buɗe sa'ad da linzami ya hau kansa, don kada ya cinye faɗin aiki.

RAM, inda cuwa-cuwar take

Naɗe rukuni ko jera shafuka a gefe ado ne ga ido. Bai kamata ka ɗauka sun sauke wa kwamfuta nauyi ba. Burauzar zamani tana ware kowane dandali cikin nasa aikin daban, saboda tsaro, don kada wani mugun shafi ya leƙa abin da ke shafin bankinka. Kariya ce mai kyau, amma RAM ake biya. Shafin rubutu zalla ba ya cin komai sosai. Gmail, Facebook, YouTube, Google Docs da WhatsApp Web kuwa kowanne na iya cin ɗaruruwan megabait. A kwamfuta mai RAM 4GB, Windows kaɗai ta riga ta kwashe wajen rabi kafin ka buɗe komai. Idan ragowar ta cika, Windows sai ta fara sauke kaya a kan faifan ajiya. In SSD ne, wato faifan zamani mai sauri, za ka ji ɗan jinkiri. In tsohon HDD ne mai juyawa, nan ne kwamfuta ke daskarewa, linzami ya ƙi motsi, a yi ta zagin netwok alhali ba ruwansa.

Kada a yi hasashe, a auna. Cikin burauza danna Shift da Esc, jerin zai nuna kowane shafi da kowace ƙarin manhaja, wato 'yar manhajar da ake liƙa wa burauza, da abin da take ci. Sau da yawa za ka tarar shafuka biyu ko uku ne suka danne sauran ashirin.

Burauzoji suna rage wannan nauyi ta hanyoyi biyu, kuma bambancinsu ya shafi aljihu. Ta farko ita ce sanya shafi barci: ana tsayar da ayyukansa, a rage abin da yake ci, amma in ka dawo sai ya farka ba tare da an sake ɗauko shi daga intanet ba. Haka Sleeping tabs na Edge ke aiki, sai dai in RAM ta matse sosai ita ma takan zubar da shafin. Ana saita shi a Settings, ƙarƙashin System and performance, kuma ana iya zaɓar lokaci daga daƙiƙa 30 har awa 12. Ga mai 4GB, minti 5 zuwa 15 ya dace. Ta biyu ita ce zubar da shafin daga RAM gaba ɗaya a bar sunansa kawai a jere. Haka Memory Saver na Chrome ke yi, wanda ya zo a ƙarshen 2022, kuma yana Settings ƙarƙashin Performance. Wannan ya fi sakin RAM, amma duk sanda ka koma shafin sai an sake loda shi. Ga mai intanet na ofis ba wani abu ba ne. Ga wanda ya haɗa kwamfuta da datar wayarsa, kowace komawa data ce, kuma in netwok ya yi ƙasa a wannan lokacin, takardar da ɗazu take gabansa ta tafi sai netwok ya dawo.

Saboda haka akwai shafukan da dole a cire daga wannan tsari. A Chrome wurin yana da suna Always keep these sites active, Edge ma tana da jerin shafukan da ba za a sa su barci ba. A saka WhatsApp Web, domin in an zubar da shi saƙon kwastoma zai shigo ba tare da ka ji ba. A saka duk fotal ɗin da ake cike dogon fom a kai, na makaranta ne, na NYSC ne ko na CAC. Burauzojin suna ƙoƙarin gane shafin da ke da fom ɗin da ba a gama ba, ko mai sauti, ko mai sauke fayil, su ƙyale shi, amma ganewar ba kullum take daidai ba.

Akwai kuma abin da ba laifin burauza ba ne sam. Fotal da bankuna suna fitar da mutum da kansu in ya daɗe bai taɓa komai ba. Barin shafi a buɗe ba ya hana hakan. Wanda ya ciro lambar RRR ta Remita mai lamba 12 ya bar ta a shafi yana cewa zai dawo bayan la'asar, ya jingina da abin da ba shi da tabbas. Danna Ctrl da P, zaɓi ajiyewa a matsayin PDF, ka sa sunan mai ita a jikin fayil ɗin. Shafin biyan kuɗi kuwa, kada a bar shi a baya balle a sake loda shi ana tsakiyar biya.

Talla na daga cikin manyan masu cin RAM da data da batir, musamman bidiyon da ke kunna kansa a shafukan labarai da na ƙwallo. Brave tana toshe talla tun daga shigarwa. Vivaldi da Opera suna da matoshi a ciki, sai dai a duba an kunna. A Firefox ana saka uBlock Origin, wadda cikakkiyarta ta daina aiki a Chrome bayan Google ya koma sabon tsarin ƙarin manhajoji mai suna Manifest V3, sai ƙaramarta mai suna Lite. In shafin biyan kuɗi ya ƙi buɗewa ko maɓalli ya ƙi dannuwa, fara da kashe matoshin a wannan shafin kaɗai. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, shafukan talla da ke aiki a ɓoye suna ƙara wa kwamfuta zafi, ita kuma in ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. In ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka, abin ya zama biyu.

Gaskiyar da ba a son ji ita ce, babu burauzar da za ta mayar da 4GB ya zama 8GB. Buɗe Task Manager na Windows, shiga Performance, danna Memory, za ka ga ramuka nawa kwamfutar ke da su da nawa aka cika. Yawancin tsofaffin EliteBook, Latitude da ThinkPad suna karɓar ƙari, amma a tabbatar da irinsa, DDR3L ne ko DDR4, domin ba sa shiga ramin juna. Wasu sirara an like RAM ɗinsu da allon, ba a ƙarawa. Windows mai 32-bit kuma ba ta amfani da abin da ya wuce 4GB ko an saka. Ƙarin RAM da sauya HDD zuwa SSD sun fi kowace dabarar saiti tasiri.

Cakuɗuwar asusu

Nan ne aka fi yin ɓarna, kuma nan ne aka fi rashin fahimta. Idan ka shiga asusu a wani dandali, yana ajiye 'yan bayanai a burauzarka, waɗanda ake kira kukis, da su yake gane ka. Duk shafukan da ke cikin burauza ɗaya kukis ɗaya suke sha. Rukuni bai raba su ba. Workspaces na Vivaldi, na Opera da na Edge, waɗanda ke ba ka damar ware shafukan aiki daban da na gida ka riƙa sauyawa tsakaninsu, su ma ba su raba ba. Suna ɓoye wasu shafuka ne su nuna wasu.

Ɗauki shagon cike fom a lokacin rajista. Mai shago ya shiga fotal da bayanan ɗalibi na farko, ana jiran hoto. Don kada a ɓata lokaci ya buɗe sabon shafi a wani rukunin ya shiga da na ɗalibi na biyu. Shigar ta biyu ta maye gurbin ta farko a duk burauzar. In ya koma shafin farko ya danna aikawa, ko dai a fitar da shi aikin ya lalace, ko kuma, wanda ya fi muni, bayanan wani su hau asusun wani. Gyaran irin wannan kuskure a takardun makaranta kowa ya san wahalarsa, kuma ɗalibin da ba shi da laifi shi ke yawon.

Da yawa suna gudu zuwa tagar sirri, Incognito a Chrome ko InPrivate a Edge. Tana ba da zama ɗaya ne kawai na daban. Tagar sirri ta biyu da ta uku duk kukis ɗin ta farko suke amfani da su, har sai an rufe su baki ɗaya. Wato mutum biyu kaɗai za ka iya rabawa ta wannan hanya, ɗaya a tagar yau da kullum, ɗaya a ta sirri.

Hanyoyin da ke raba asusu da gaske biyu ne. Ta farko ita ce Profiles, wadda Chrome, Edge, Brave da Vivaldi duk suna da ita. Kowane furofayil kamar burauza ce mai zaman kanta: kukis nata, kalmomin sirri nata, tarihi nata, ƙarin manhajoji nata, kuma a tagarta take buɗewa. Ta dace da rabuwa mai ɗorewa, misali aikin ofis da harkar gida, ko kwamfutar da miji da mata ke amfani da ita. Nauyinta shi ne kowacce da aka buɗe RAM take ƙara ci. Ta biyu ita ce Multi-Account Containers, ƙarin manhaja da Mozilla da kansa ya yi wa Firefox a 2017. A nan taga ɗaya ce, amma kowane shafi ana iya buɗe shi cikin akwati mai launinsa, kowane akwati da kukis ɗinsa. Mai shago na iya yin akwatuna huɗu, Kujera 1 zuwa Kujera 4, ya yi wa mutum huɗu aiki a fotal ɗaya lokaci guda ba tare da sun taɓa juna ba. 'Yar kasuwa mai lambar WhatsApp biyu da shafin Instagram na kaya da na kanta ita ma haka. Abin lura shi ne akwatunan ba sa raba tarihi da kalmomin sirrin da aka adana, kuma ba sa share kansu. In kwastoma ya tashi, a fitar da shi daga asusunsa kafin wani ya zauna. A kwamfutar shago kuma a kashe tayin adana kalmar sirri gaba ɗaya. Amanar mutane ce a hannunka, da lambar NIN ɗinsu da ranar haihuwarsu.

Mai amfani da Firefox ya ajiye burauzar Chromium guda a gefe, domin masu gina fotal sun fi gwada aikinsu a Chrome, wani lokaci maɓalli kan ƙi aiki a wani injin.

In wuta ta ɗauke

Buɗaɗɗen shafi teburin baje-koli ne, ba sito ba. Ɗan Kwari yana fito da kayan da zai sayar yau ne, sauran suna ajiye a kulle. Wanda ya mayar da shafuka tamanin ma'ajiyar bincikensa na wata shida, ɗauke wuta ɗaya a kwamfutar tebur da ba ta da UPS, ko batir ɗin da ya mutu, na iya raba shi da su.

Matakin farko shi ne a sa burauza ta riƙa dawo da zaman baya. A Chrome, Settings, On startup, Continue where you left off. A Firefox, a kunna Open previous windows and tabs. Edge ma tana da irinsa, Vivaldi kuwa haka take zuwa. Amma akwai tarko: in kana da taga biyu, ka rufe babbar mai shafuka arba'in tukuna, sannan ka rufe ƙarama mai shafi ɗaya, ƙaramar ce za ta dawo gobe. Da zarar ka ga haka, danna Ctrl da Shift da T ko ka duba History kafin ka ci gaba da buɗe wasu abubuwa. Hanya mafi aminci ita ce fita ta Exit a jerin zaɓuɓɓuka, wadda ke rufe tagogin tare. Manhajojin share tarkace su ma sukan goge fayil ɗin da ke riƙe da zaman baya. Sai kuma babban mai share fage, wato kai kwamfuta gyara a dawo da ita an yi mata fomat.

Ma'ajiya ta gaskiya ita ce bukmak, wato adana adireshin shafi a burauza don a koma masa daga baya. A Chrome da Edge, Ctrl da Shift da D na adana duk shafukan taga cikin jaka guda, ka ba ta suna, ka rufe su hankalinka kwance. Lokaci-lokaci shiga Ctrl da Shift da O, ka fitar da bukmak ɗin a matsayin fayil ɗin HTML, ka kwafe a filash ko ka aika wa kanka ta imel. Wannan fayil kowace burauza na karanta shi. In ka shiga asusun Google, Microsoft, Mozilla ko Vivaldi ka kunna Sync, bukmak da kalmomin sirri za su bi ka zuwa sabuwar na'ura. A kwamfutar haya ko ta shago kada ka kuskura ka kunna shi.

Ƙarin manhajojin tsara shafuka kuwa a yi hattara. Irin wannan manhaja tana ganin duk adireshin da ka ziyarta. The Great Suspender ta yi suna wajen sa shafuka barci, mutane da yawa sun dogara da ita, sai mai ita ya miƙa ta ga wani, aka cusa mata mugun abu, Google ya cire ta a Fabrairun 2021, shafukan da ta kwantar suka ɓace wa jama'a a lokaci guda. Aikin da take yi yanzu yana cikin burauzojin da kansu, babu dalilin ɗauko baƙo.

To wacce za a ɗauka

Ga mai kwamfutar Windows mai 4GB da ke aiki da datar waya, Edge ce zan fara nunawa. Tana cikin kwamfutar tun asali, tana da jeri a tsaye, barcin shafukanta ba ya yawan cin data, kuma tana raba fuska biyu don duba shafuka biyu gefe da gefe. Aibinta shi ne tarkace: shafin farko cike da labarai da hotuna, ga Copilot, mataimakin AI na Microsoft, da tayin sayayya. A ɗauki minti goma a kashe su, musamman labaran sabon shafi, waɗanda ke jan data duk sanda aka buɗe.

Mai bincike da rubutu, malami ne, lauya ne ko ɗan jarida, in yana da 8GB zuwa sama, Vivaldi ta fi ba shi iko. Jon von Tetzchner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Opera a Norway, shi ya kafa kamfaninta. Tana ɗora shafuka kan juna a tari, tarin ya buɗe a layi na biyu. Tana jera shafuka biyu ko fiye a fuska ɗaya, misali maƙalar PDF a hagu, rubutunka a dama, ko da yake a ƙaramar fuska fiye da biyu wahala ce. Tana da Workspaces tun 2023, tana adana zaman aiki da suna a buɗe shi wani watan, kuma kai da kanka za ka iya umartar ta ta kwantar da duk shafukan baya. Saitunanta suna da yawan da zai iya cinye wa mutum yini, kuma a tsohuwar kwamfuta mai HDD tana da nauyin tashi.

Shagon cike fom da duk mai riƙe asusun mutane da yawa, Firefox da akwatunanta. Mai fama da talla da ƙarancin data, Brave. Wanda duk aikinsa a Gmail da Docs yake kuma shafukansa ba sa wuce goma sha biyar, ya zauna a Chrome ya koyi rukuni da bincike, babu abin da zai ƙaru da shi a ƙaura.

Za ka ga ana yabon Arc a bidiyoyin YouTube, kuma ta cancanci yabo, ita ta yayata tsarin da shafin da ba a taɓa ba cikin awa 12 ke kau da kansa zuwa ma'ajiya. Sai dai a 2025 kamfaninta ya bayyana cewa ya daina ƙara mata sababbin abubuwa ya koma kan wata mai suna Dia, daga baya a shekarar Atlassian ya saye kamfanin. Ba zan ba wa kowa shawarar gina tsarin aikinsa a kanta yanzu ba. Mai sha'awar salonta ya duba Zen, wadda aka gina kan Firefox.

Shagunan da har yanzu ke kan Windows 7 su sani cewa Chrome da Edge sun tsaya a lamba 109 tun farkon 2023, babu sabon gyaran tsaro. Firefox 115 ESR ce ta ƙarshe a wannan Windows ɗin. Ba ta da jeri a tsaye ko rukuni, amma akwatuna suna aiki. Shigar da bayanan banki da na kwastoma a burauzar da ba ta samu gyara ba tun 2023 ganganci ne.

A waya lissafin daban ne. Android da kanta ke kashe shafukan baya, don haka shafuka ɗari a Tecno ko Infinix ba su ne ke sa waya nauyi ba, illarsu ita ce ba ka gane komai a ciki, kuma kowanne ka taɓa sai ya sake lodi. In sun kai ɗari, Chrome ma daina ƙirgawa take ta nuna alamar murmushi. Opera Mini tana da amfani wajen karanta labarai da ƙaramar data, domin tana bi da shafi ta na'urorin kamfaninta a matse shi kafin ya iso, amma wannan matsewar ce ke karya wasu fom, don haka ba wurin fotal ko banki ba ce. A iPhone kuwa, a Najeriya duk burauzar da ka saka injin Safari take amfani da shi a ƙasa.

In ka yanke shawarar ƙaura, kada ka goge tsohuwar tukuna. Fara da adana duk buɗaɗɗun shafuka a bukmak, domin ba kowace burauza ce ke kwaso su ba. Sauke sabuwar daga dandalin kamfaninta, kada ka karɓa a filash ɗin wani. Yi amfani da Import don kwaso bukmak, tarihi da kalmomin sirri. Galibi za a nemi ka sake shiga kowane asusu, saboda haka wayar da ke karɓar lambar tabbatarwa ta kasance kusa, WhatsApp Web ma sai an sake haɗawa, kuma na'urori huɗu kaɗai yake yarda a haɗa da lamba ɗaya, sai a cire tsohuwar in sun cika. Yi aikinka na yau da kullum a kanta na mako guda, har da fotal ɗin da ka fi shiga da firintarka, kafin ka mayar da ita ta dindindin. In kwaso kalmomin sirri ya ƙi, har sai da ka fitar da su a fayil ɗin CSV, ka tuna wannan fayil a buɗe yake, duk wanda ya danna shi zai karanta komai. Da zarar an gama shigarwa a goge shi, a shiga Recycle Bin a sake gogewa.